Jami'ar Zuru Da Aikin Da Shaihu Nok Ya Bari

Cikin shekarar 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, wadda aka kafa tun 1976 a zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, ta mai da ita Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Jama'ar ƙasar Zuru, tun daga Dabai har Ribah, daga Mahuta har Dirin Daji, sun yi murna matuƙa, kuma murnar tasu tana bisa hanya. To, amma yanzu an share filin biki, lokaci ya yi da za a fara tambayar abin da manomi da makiyayi za su gani a ƙasa. Gine-gine da rigunan saukar karatu ba su ne amsar wannan tambaya ba. Akwai wani aiki guda da ya daɗe yana jiran mai ɗauka, wanda wani shaihun malami na Zariya ya kai shi rabin hanya ajali ya cim masa, kuma da wuya a sami inda ya fi Zuru dacewa da ci gaba da shi. Wannan aiki shi ne na gano cutar sammore a jikin saniya tun tana tsaye a ruga.

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar kiwo ya san sammore. Saniya ta fara rama alhali ga ciyawa, gashinta ya tashi, idanunta su riƙa zubar da hawaye, kaluluwa ta kumbura, nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari. Bijimin noma kuwa, wanda aka yi rani ana ciyarwa da harawa da dusa, sai ya durƙushe a kunya ta uku daidai sa'ad da ruwan shuka ya sauka. Ƙudan tsando ne ke ɗauko ƙwayar cutar, wata irin kuma bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo su kan yaɗa ta ko a inda babu tsando. Ƙasar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi ne, inda damina ta fi nauyi, ga duwatsu da rafuka da duhuwa, sa'an nan ga garkunan da ke gangarawa wajen Kwantagora da Kainji da rani su komo da damina, ɗauke da duk abin da suka kwaso a hanya.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana addabar ƙasashe 37 na Afirka, tana kashe shanu wajen miliyan 3 kowace shekara, ana kuma yin allurar maganinta wajen sau miliyan 35 a shekara. Yaƙin ba sabo ba ne a Arewa. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka sassare bakin rafukan ƙasar Anchau, aka tashi jama'a aka gina musu Takalafiya don gudun ciwon barci, wanda shi ne ɗan'uwan sammore a jikin ɗan Adam. Cibiyar binciken wannan cuta da ke Kaduna ta girmi 'yancin kan Nijeriya. A ɓangaren mutane an ci nasara ƙwarai, domin a shekarar 2018 waɗanda aka samu da ciwon barci a duniya baki ɗaya ba su kai 1,000 ba. A ɓangaren dabbobi kuwa har yanzu da sauran rina a kaba.

Babban abin damuwa shi ne magani. Berenil, wanda kowane makiyayi ya san rawayan garinsa a 'yar leda, ya fito ne a 1955. Samorin ya biyo baya a farkon shekarun 1960. Tun daga nan, fiye da shekara 60 ke nan, ba a kawo wani sabon maganin sammore kasuwa ba. Makiyayi kuwa ba shi da hanyar rarrabe sammore da ciwon hanta, ko tsutsar ciki, ko cututtukan kaska, ko ma yunwar bazara, domin duk rama da ƙarancin jini suke kawowa. Don haka ran kasuwa sai ya sayi magani a tebur, ya dama da ruwan da ya samu, ya kimanta nauyin saniya da ido, ya soka. In ba sammore ba ce, ya yi asarar kuɗi, ainihin cutar kuma tana nan tana ci. In sammore ce amma maganin ya gaza ƙima, ko jabu ne, to, ƙwayoyin da suka tsira su ne za su hayayyafa, su haifi waɗanda ba su jin magani. An riga an tabbatar da irin wannan taurin kai a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Ba laifin makiyayi ba ne. Wanda aka bari cikin duhu ba a zarginsa da lalube.

A nan ne sunan marigayi Shaihun Malami Andrew Jonathan Nok ya shigo. An haife shi a 1962, ɗan asalin garin Nok ne a kudancin Jihar Kaduna, ya yi karatunsa na jami'a tun daga digirin farko har na dakta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a can kuma ya koyar a sashen nazarin sinadaran jikin halitta. Tambayar da ya ba yawancin rayuwarsa ita ce wadda kowane mahauci ya taɓa yi wa kansa da ya ga naman saniyar sammore fari fat: ina jinin ya tafi?

Ba shi ya fara buɗe wannan ƙofa ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A 1982 wasu likitocin dabbobi na Zariya, Esievo da Saror da Ilemobade da abokin aikinsu, sun nuna cewa idan sammore ta kama saniya, wani sinadari da ke lulluɓe jajayen ƙwayoyin jini, mai suna asid ɗin siyalik, yana raguwa a jikin ƙwayoyin yana ƙaruwa a ruwan jini. Wannan sinadari tamkar shaidar ɗan gida ce. Muddin yana jikin ƙwayar jini, dakarun da ke gadi a saifa da hanta ba su taɓa ta. In an kankare shi, sai su ɗauke ta baƙuwa ko tsohuwa, su haɗiye ta. Watau dai saniya da kanta ke cinye jininta. Daga baya Esievo ya nuna cewa shanun Ndama, waɗanda aka sani da jure sammore, sun fi irin namu masu tozo yawan wannan sinadari. Abin da Nok ya sa gaba shi ne askar da ke yin kankarar, watau wani enzayim da ƙwayar cutar ke fitarwa mai suna siyalides. Enzayim, ga wanda bai saba da kalmar ba, furotin ne da ke hanzarta tsinka ko ƙulla wani sinadari, kamar yadda tsiro ke juya gero ya zama zaƙi. A 2003 Nok da almajirinsa Emmanuel Balogun suka buga sakamakon da ya danganta siyalides ɗin ƙwayar kongolens, ɗaya daga cikin manyan masu kashe shanu, da ƙarancin jinin da cutar ke kawowa. Ya bi sawun enzayim ɗin har zuwa ƙwayar gadon da ke ba da umurnin ƙera shi, kuma a kan wannan ne aka ba shi Kyautar Kimiyya ta Nijeriya, wadda kamfanin gas na NLNG ke ɗaukar nauyi, a shekarar 2009.

Jaridu a lokacin sun yi ta shelar cewa an gano maganin ciwon barci, wasu ma suka ce rigakafi ya kusa. Wannan zuzutawa ba ta yi wa aikin adalci ba. Gano askar ɓarawo daban, kama ɓarawon daban. Ƙwayar sammore tana sauya rigar furotin da take sanye da ita a kai a kai, ta yadda kafin jiki ya gama shirya mata makami ta riga ta sake kama, shi ya sa har yau babu allurar rigakafinta a kasuwa ko'ina a duniya. Hikimar Nok ita ce neman wani sashe na ƙwayar wanda ba ya sauyawa kamar rigar, a kai hari nan. Ya nuna inda za a nufa. Bai rayu ya ga an isa ba.

Amma abin da ya fi cancanta Jami'ar Zuru ta yi nazari a kai shi ne yadda Nok ya yi hulɗa da na waje. Ya ƙulla aiki da Shaihun Malami Soerge Kelm na Jami'ar Bremen a Jamus, wanda ya ƙware a kan asid ɗin siyalik. A 2013 ƙungiyoyin biyu suka buga bayanin dangin enzayim ɗin a jikin ƙwayar kongolens, suka nuna ba guda ɗaya ba ne, kuma kowanne da irin ƙarfin aikinsa. Sunan da ke kan gaba a takardar kuwa na ɗan Nijeriya ne, Thaddeus Gbem. A wannan shekara ce Gidauniyar Humboldt ta Jamus ta ba Nok lambar Georg Forster. Ta ɗaya gefen kuma Balogun ya tafi Jami'ar Tokyo wurin Shaihun Malami Kiyoshi Kita, inda suka warware siffar wani enzayim da ƙwayar ciwon barci ke dogara da shi wajen samun kuzari, domin a san inda sabon magani zai kama. Sau da yawa abin da ake kira haɗin gwiwa da Turai bai wuce a ɗebi jini a nan, a sa a ƙanƙara a aika can, a ga sunan mutum a tsakiyar jerin marubuta ba. Na Nok ba haka yake ba. Ya tura almajirai su koyo, su komo, ya kuma tanadar musu wurin da za su komo su tarar: ya kafa cibiyar binciken fasahar halittu a Zariya, sa'an nan ya jagoranci cibiyar nazarin cututtukan da aka yi sakaci da su, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2014. A 2015 Gwamnatin Jihar Kaduna ta naɗa shi kwamishinan lafiya, daga baya na ilmi, yana kan wannan muƙami ya rasu ran 21 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 55. Ko ƙasa ta ci riba da ta ɗauke irin wannan mutum daga ɗakin bincike zuwa ofis, magana ce ta wata rana.

To, duk da wannan ɗimbin ilmi, me ya isa ruga? A yau in ana son tabbatar da sammore, sai a ɗebi jini, a juya shi a na'ura, a duba da madubin likita. Wannan yana bukatar lantarki da gwani, kuma in cutar ta daɗe a jiki ƙwayoyin kan yi ƙaranci har ido ya kasa ganinsu. Hanyar da ta fi inganci ita ce ta PCR, wadda ke riɓanya ɗan guntun ƙwayar gadon cutar sau miliyoyi har a gane shi, amma wannan sai babban ɗakin bincike, kafin sakamako ya komo kuwa garken ya yi kwana uku da tashi. Akwai wani ɗan gwajin gaggawa da kamfanin Ceva na Faransa ya fitar, sai dai shi makaman da jiki ya ƙera yake gani, ba ƙwayar cutar ba, don haka saniyar da ta warke bara ma tana iya nuna alama. Gibin da ya rage ke nan, kuma masanin ƙwayoyin halitta shi kaɗai ba zai iya cike shi ba. Sai ya nemi wani malami daga wani sashe, masanin sinadarai da lantarki, watau mai nazarin yadda haɗuwar sinadarai ke haifar da wutar lantarki, kamar yadda take faruwa cikin batirin tocila.

Wanda ke shakkar abin da auren waɗannan fannoni biyu zai haifa, ya dubi 'yar na'urar da masu ciwon sukari ke sa wa a aljihu, wadda ake sayarwa yau a kantunan magani har a Zuru. A 1962 Leland Clark da Champ Lyons na Amurka suka kawo shawarar a ɗora enzayim a kan wayar awon lantarki, domin enzayim ya zaɓo sinadarin da ake nema, waya kuma ta ƙidaya shi. Na'urar farko da aka sayar a 1975 ta ɗakin bincike ce, sai an ɗora ta a tebur. Sai a 1984 ƙungiyar Allen Hill ta Jami'ar Oxford, masana sinadarai, tare da masana halittu na Cranfield, suka gano cewa wani sinadari mai ƙarfe a ciki, ferosin, zai iya zama ɗan aike. Enzayim ya fizge ƙwayoyin lantarki daga sukarin da ke cikin ɗigon jini, ferosin ya kwashe su ya kai wa waya, yawan wutar da ta gudana kuwa shi ne yawan sukarin. A 1987 aka fitar da na'urar mai kamar alƙalami. Shekara 25 ke nan daga shawara zuwa aljihu, kuma babu ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu da zai iya kai ta shi kaɗai.

An ma riga an gwada irin wannan a kan dangin sammore. A 2013 masana lantarki na jami'ar Tarragona a Sifen da masana ƙwayoyin halitta na Darmstadt a Jamus suka manna wani ɗan zaren RNA, wanda aka zaɓo don ya cafke rigar ƙwayar cutar, a kan waya mai siraran zaruruwan kabon, suka kuwa gano furotin ɗin rigar cikin jini ta hanyar sauyin lantarki kawai. Tun 2000 kuma Japanawa suka ƙirƙiro hanyar LAMP, wadda ke riɓanya ƙwayar gado a zafi guda, tsakanin digiri 60 da 65, abin da batir ko hasken rana zai iya samarwa. Amma gwajin Tarragona a kan dangin ƙwayar ciwon barci aka yi shi, a ɗaki mai sanyi, ba a kan kongolens da bibaks masu kashe shanun ƙasar nan ba, ba kuma cikin ƙurar hunturu ko zafin bazara ba. Sa'an nan ko siyalides ɗin Nok, ba ƙwayar sammore kaɗai ke fitar da irinsa ba. Shi kansa da abokan aikinsa sun yi rubutu a kan na ƙwayar harbin daji. Don haka tilas gwajin ya san na wa yake gani, kuma a nan ne sanin ƙwayar gado zai yi rana.

Za a ce Jami'ar Zuru jaririya ce, ina ita ina wannan kaya, ga matsalar wuta, ga 'yan bindiga da ɓarayin shanu da suka hana sassan Danko-Wasagu da Sakaba sakat a shekarun nan. Duk gaskiya ne. Amma ba a ce ta ƙera na'urar ita kaɗai ba, ba a kuma ce ta fara da sayen injuna masu tsada da za a lulluɓe da leda a nuna wa baƙi ba. Abin da Bremen da Tokyo da Tarragona ba su da shi, Zuru tana da shi: shanun da kansu, Bunaji da Rahaji da Gudali, da kasuwannin da suke haɗuwa, da ɗalibai 'ya'yan manoma da makiyaya masu jin C'lela da Fulatanci da Hausa, waɗanda Ardo zai yarda su taɓa masa saniya. Babu wani gwaji da zai sami karɓuwa a duniya sai an auna shi da ɗaruruwan samfurin jinin da aka tabbatar da abin da ke cikinsu, aka san irin saniyar, da watan da aka ɗiba, da maganin da aka taɓa yi mata. Wanda ya mallaki wannan taska ba roƙo zai je yi ba, ciniki zai je yi, kuma yana da bakin da zai ce a horar masa da mutum biyu a fannin lantarki, a sa sunan ɗalibinsa a gaba, a kuma rubuta rabonsa tun kafin a sami abin rabawa. Shugaban jami'ar na farko, Shaihun Malami Musa Isiyaku Ahmed, masanin ƙwayoyin cutar dabbobi ne, saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a gidan. Abokan tafiya kuwa ba su da nisa: almajiran Nok suna Zariya, cibiyar tsando tana Kaduna, tsangayar likitancin dabbobi tana Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, sassan kimiyyar sinadarai kuma suna Aliero da Birnin Kebbi.

Akwai wani shinge da ba na kuɗi ba. Jami'o'in ƙasar nan suna ɗaukaka malami ne da ƙidayar takardun da ya buga, da yawan waɗanda suka ambace shi, da kuma matsayin sunansa a jerin marubuta. A ƙarƙashin wannan ma'auni, malamin da ya yanka bincike guda gida biyar ya buga cikin shekara ɗaya ya fi wanda ya shekara huɗu da abokin wani sashe suna fama da waya da jinin saniya. Matashin malami mai iyali ba zai zaɓi hanya ta biyu ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Tsofaffin jami'o'i sun daɗe a kan wannan turba, juya su sai a hankali. Zuru kuwa yanzu take kafa al'adunta, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Majalisar jami'ar tana da ikon rubuta wa cikin ƙa'idojin ƙarin girma cewa aikin haɗin gwiwa tsakanin sassa, da almajirin da aka horar ya komo, da gwajin da aka tabbatar a fili, duk suna da maki mai nauyi.

Hukuma ma da nata. Asusun TETFund yana da kason bincike na ƙasa wanda ake nema da takara, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwon dabbobi. Kamata ya yi Gwamnatin Jihar Kebbi ta shige gaba wajen haɗa waɗannan hukumomi da jami'ar, ta kuma ɗauki nauyin abin da ba ya jiran kowa: firiji mai aiki da hasken rana, da babura, da alawus ɗin malaman dabbobi na ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, domin a fara ɗibar jinin shanu a kasuwanni da mahauta kafin garkuna su juyo daga kudu a farkon damina mai zuwa.